Darasi: Taimakekeniyar Lafiya Ga Ma'aikatan Kasuwar Dawanau

Kasuwar hatsi ta Dawanau, wadda ke kan hanyar Kano zuwa Katsina cikin Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, tana ciyar da dubban mutanen da ba su da albashi. Akwai 'yan dako, da masu awo, da masu ɗinkin buhu, da yaran shago, da matan da ke gyaran riɗi da zoɓo. Da yawansu daga ƙauyukan kewaye suke, noma da damina, kasuwa da rani. Ran da ɗan dako ya kwanta, asararsa biyu ce: ba kuɗin dako, ga kuma kuɗin magani. Daga nan sai a sayar da akuya, in ciwo ya yi tsawo har a kai ga jinginar da gona. A Nijeriya, fiye da Naira 70 cikin kowace 100 da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majiyyata da danginsu take fita.

Don rage wannan wahala aka kawo inshorar lafiya, wadda a Kano ake kira taimakekeniyar lafiya. Ma'anarta ita ce mutane da yawa su zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu guda tun suna da lafiya. Wanda ciwo ya kama, sai asusun ya biya masa asibiti.

A nan ne wasu kan ja da baya, domin suna auna ta da adashi. A adashi kowa yana da ranar kwasa. A taimakekeniya ba haka ba ne. Wanda shekara ta ƙare bai je asibiti ba, kuɗinsa ba za su dawo ba, sun tafi wajen haihuwar matar wani ko zazzaɓin ɗan wani. Ya kamata a gaya wa mutum wannan tun kafin ya biya, kada daga baya ya ce an cuce shi. Abin da ya saya da kuɗinsa shi ne in ciwo ya zo masa, ba zai taɓa jarinsa ba.

Gwamnatin Tarayya ta yi dokar inshorar lafiya a 1999, aka fara aiki da ita a 2005, amma ma'aikatan gwamnati ne suka fi cin moriyarta. A 2022 aka yi sabuwar doka wadda ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa, har da mai sana'ar da ke da ma'aikata biyar ko fiye. Wannan ya shafi masu rumbuna da yawa a Dawanau.

Hanya mafi kusa ita ce Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ta Jihar Kano, wato KSCHMA, wadda aka kafa da dokar jiha a 2016. Ban da ma'aikatan gwamnati, tana da tsari na masu sana'ar kansu, inda mutum zai biya kuɗin shekara, ya zaɓi asibitin da zai riƙa zuwa. Ita ma hukumar tarayya ta fito da wani tsari a 2020 mai suna GIFSHIP, wanda mutum ɗaya, ko iyali, ko ƙungiya za su iya shiga. Ga waɗanda ba su da halin biya kuwa, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kula da lafiya a matakin farko. Daga ciki ake yi wa masu ƙaramin ƙarfi rajista kyauta, musamman mata masu ciki, da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da tsofaffi. Sai dai guraben ba su isa kowa ba, saboda haka mai sana'a kada ya zauna jiransu.

Wahalar ɗan kasuwa ba yawan kuɗin ba ne kaɗai, fitar da su a dunƙule ne. To, a nan ƙungiya take da amfani. Da kaka, lokacin da motoci ke layi kuma dako ke tafiya, ma'aji ya riƙa karɓar wani abu kullum. In uban gida ya ɗauki rabi, nauyin ya ragu, shi ma kuma ya huta da karo-karon gaggawa duk sa'ad da yaronsa ya kwanta.

Kafin a biya, a tambayi jami'i nawa ne kuɗin shekara, da ko sun haɗa da mata da 'ya'ya, da irin ciwon da tsarin bai ɗauka ba, domin ba kowane aiki yake biya ba. A tambayi kwana nawa ake jira bayan rajista kafin a fara ganin likita. A zaɓi asibitin da ke kusa da gida, don kuɗin mota ba ya cikin tsarin. Kada a ba kowa kuɗi ba rasit.

Aikin aji: A ce 'yan dako 20 kowannensu yana ajiye Naira 200 kullum har kwana 90 na kaka. Nawa mutum ɗaya ya tara? Nawa ne a hannun ma'aji? Ɗalibai su rubuta amsa, su kawo wa malami a zama na gaba.