Adaka da Kimiyyar Matsi: Me Ke Sa Bindiga Ta Fashe a Hannun Mai Ita?

Duk wanda ya tashi a ƙasar noma ta Funtua, Bakori, Ƙafur da Malumfashi ya san adaka. Da ita maharbi ke korar gyado da birai daga gonar masara, ita ce kuma 'yan bindiga ke bugawa ranar hawan salla har hayaƙi ya turnuƙe fili. Ta baki ake ɗura ta: albarushi tukuna, sa'an nan tsumma, sa'an nan darma, a danna da sanda. Haka nan kusan kowane ƙauye yana da labarin wani da bindigarsa ta tsage ta tafi da yatsunsa ko idonsa. Mutane sukan ce tsautsayi ne ko sammu. Kimiyya kuwa tana da bayani, kuma ɗalibin sakandare yana iya bin lissafinsa.

Irin wannan bindiga ta shigo Afirka ta Yamma ne ta hannun fataken Turai da ke gaɓar teku, shi ya sa a Turanci ake kiranta da sunan mutanen Denmark. A Damagaram, Sarki Tanimu ya sa an riƙa haɗa albarushi da zuba igwa a birninsa tun ƙarni na 19. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniyar Brussels, wadda ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu masu ƙyastu. Wannan na cikin dalilan da suka sa adaka ta zauna daram a hannun maharba, maƙera kuma suka ƙware wajen gyaranta.

Albarushin gargajiya haɗi ne na gawayi da farar wuta da wani gishiri mai suna fotasiyam naitiret. Gishirin ne ke ba da iskar oksijin, don haka albarushi kan ci wuta ko a rufaffen wuri. Cikin ƙiftawar ido garin ya zama iska mai tsananin zafi, wadda ke neman fili ninkin ba ninkin wurin da garin ya cika. Wannan iska tana tura darma gaba, tana tura gindin bindiga baya, tana kuma tura bangon bututun ta kowane gefe. Maharbi yana ganin aikin turi na farko a jikin dabba, yana jin na biyu a kafaɗarsa. Na uku ba ya ganinsa, ba ya jinsa, sai ranar da ƙarfe ya gaza.

A Amurka akwai maharba da ke ƙirƙiro harsashi nasu na kansu, wanda ba kamfanin da ke sayar da shi, su sa a ƙera musu bindigar da za ta ɗauke shi, su kuma riƙa ɗura shi da hannu. Suna yi wa irin wannan harsashi laƙabi da kyanwar daji. Sananne a cikinsu shi ne na Jack Lott, wanda ɓauna ta ji wa rauni a Mozambik a 1959, yana riƙe da bindiga mai cin harsashin .458 Winchester Magnum. A 1971 ya fito da nasa, .458 Lott, mai kwanso mafi tsawo, daga baya kamfanoni suka karɓe shi. Harsashin yana da nauyin kusan giram 32, yana fita da gudun kusan mita 700 a sakan ɗaya.

Kuzarin abu mai tafiya shi ne rabin nauyinsa sau gudunsa sau gudunsa. Na harsashin Lott ke nan ½ × 0.032 × 700 × 700, wato kusan jul 7,800. A ƙaddara cewa adaka ta jefa darma mai nauyi ɗaya da wannan a gudun mita 300 a sakan: jul 1,440 kawai za a samu. Gudun ya ninka sau biyu da 'yan kai, kuzarin ya ninka fiye da sau biyar. Nan ne jarabar take, domin maharbin da ya ga gyado ya tsere da rauni, abin da zai fara zo masa a rai shi ne ya ƙara albarushi.

Naushin kafaɗa yana bin dokar Newton ta uku. Nauyin harsashi sau gudunsa daidai yake da nauyin bindiga sau gudun da ta yi baya. Bindigar Lott mai kilo 4.5 za ta dawo da gudun kusan mita 5 a sakan, ban da ƙarin da iskar da ke fita ke jawowa. Shi ya sa ake yin manyan bindigogin farauta da nauyi da gangan.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne bangon bututun. Matsin da ke cikin bindigar Lott lokacin harbi yakan haura ninki 4,000 na matsin iskar da ke kewaye da mutum, alhali tayar mota ba ta wuce ninki biyu zuwa uku. Injiniyoyi suna kimanta jan da bangon bututu ke sha da ƙa'ida mai sauƙi: matsi sau rabin faɗin rami, a raba da kaurin bango. Ma'anarta ita ce idan aka ninka faɗin rami aka bar kaurin ƙarfe yadda yake, jan ya ninka ko da matsin bai ƙaru ba. Bindiga mai babban baki tana bukatar ƙarfe mai kauri fiye da mai ƙaramin baki. Har ila yau, jan da ke zagaye bututu ninki biyu ne na wanda ke bin tsawonsa, saboda haka bututu kan tsage a tsaye, kamar yadda bututun famfo ke yi. To, bututun famfo kuwa falle ne aka naɗe aka yi masa walda a tsaye, wato rauninsa yana daidai inda jan ya fi tsanani. An yi shi ne don ruwa, kuma bindigar da aka ƙera da shi tarko ce ga mai ita.

Ko ƙarfe mai kyau yana lalacewa. Fiye da rabin abin da albarushin gargajiya ke bari bayan ya ƙone dauɗa ce mai ƙarfi, ita ce hayaƙin nan da baƙin da ke manne wa rami. Dauɗar tana jan laima, musamman da damina, tsatsa ta riƙa cin bango daga ciki inda ido ba ya kaiwa. Kullum kaurin yana raguwa, mai bindiga kuwa yana zuba mejin da ya saba. Laka ko gidan zanzaro a bakin bindiga, ɗuri biyu bisa mantuwa, ko darmar da ba ta sauka ta zauna kan albarushi ba, kowannensu yana sa matsi ya yi tsalle a wuri ɗaya.

Mafi muni duka shi ne farke harsashin zamani a juye garinsa cikin adaka. Wannan gari marar hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya ƙirƙiro a 1884, wani sinadari ne dabam. Kusan dukkansa iska yake zama, kuma gwargwadon hauhawar matsi gwargwadon saurin cin wutarsa, ta yadda ɗan ƙari kaɗan kan haifar da matsi mai yawan gaske. Masu ɗurin hannu na Amurka da sikeli mai auna ɓarɓashin giram suke aiki, suna bin jadawalin da aka gwada a ɗakin bincike, amma duk da haka akan samu wanda bindigarsa ta tarwatse. Mai auna gari da tafin hannu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan kariya.

Birnin Birmingham na Ingila, wanda ya ƙera ɗimbin bindigogin da aka sayar a Afirka, ya sami gidan gwajin bindiga bisa doka a 1813. A can akan ɗura wa bututu fiye da ƙima, a harba shi a rufaffen ɗaki ba kowa a kusa, in ya tsira a buga masa hatimi. Gidan yana aiki har yau. A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko gyara ta ba tare da izini ba, ta kuma sa adaka cikin makaman da hukuma ke da ikon tsara mallakarsu. Sai dai bindigar da ta fito daga maƙera a ɓoye ba ta bi ta wani gidan gwaji, kafaɗar wanda ya saya ce ke yi mata gwajin farko. Tun da matsalar 'yan fashin daji ta addabi kudancin Katsina, irin waɗannan bindigogi sun shiga hannun matasa da yawa waɗanda ba su gaji farauta ba.

Malami na iya ba ɗalibai wannan aiki a aji: bututu mai rami milimita 20 da bango milimita 4, tsatsa ta cinye milimita 1 daga ciki ko'ina. Da kashi nawa cikin ɗari jan da bangon ke sha ya ƙaru, idan matsin bai canza ba? A tuna cewa ramin ma ya ƙara faɗi.