Shiga Kasuwa Daban, Tayi Daban: Yadda Za Ka San Abin da Mutane Ke Yi a Shafinka

Wani matashi daga Magarya ya kawo mini damuwarsa. Shi ya gina wa wata ƙungiyar manoman riɗi da wake ɗan shafin intanet, inda ake saka farashin buhu da na tiya kowane mako, da hotunan kaya, da maɓallin da mai saye zai danna ya faɗa WhatsApp na ƙungiyar. Ya ɗora Google Analytics a kan shafin, alƙaluman masu shigowa kuma suna ta hawa. Ranar taro sai wani dattijo ya tambaye shi: cikin wannan jama'a da kake faɗi, mutum nawa ne suka taya ko da buhu guda? Ya rasa amsa. Abin da ya ƙara ɗaure masa kai, taswirar Google Analytics tana nuna masa cewa baƙinsa mutanen Yamai ne da Kano da Legas. Babu Magarya, babu Dungas, alhali da idonsa yana ganin mutanen garin suna buɗe shafin.

Ƙanena, tambayar dattijon nan ita ce aikin gaba ɗaya, kuma ka gode masa da ya yi ta. Ka tuna yadda ma'auni yake zama a rumfarsa ranar kasuwa. Dubban ƙafafu suna giftawa ta gabansa, bai damu da ƙirga su ba. Idonsa yana kan wanda ya tsaya, da wanda ya sa hannu cikin buhu ya murza ƙwayar, da wanda ya ce "nawa?", da wanda ya yi tayi, da wanda aka sallama wa har aka fara awo. Kai kuwa har yanzu ƙafafu kake ƙirgawa.

Kayan aikin da ke hannunka an gina shi ne don ya ga waɗannan matakai. Tsohon tsarin Google, Universal Analytics, ya daina karɓar bayanai ranar 1 ga Yuli 2023, wanda ya gaje shi kuwa, GA4, komai a wurinsa motsi ne: buɗe shafi motsi, danna maɓalli motsi, kunna bidiyo motsi. Idan da Faransanci ka buɗe shi, su ne za ka gani an rubuta événements. Wasu yana ɗauka da kansa ba tare da ka rubuta komai ba, kamar shigowar farko, da gangarawa har kashi 90 cikin ɗari na shafi, da sauke fayil, da danna mahaɗin da ke fitar da mutum zuwa wani wuri. Amma shi bai san riɗi ba, bai san tayi ba. Kai ne za ka gaya masa wane motsi ne ciniki a wurinku.

Saboda haka ka rufe kwamfuta tukuna, ka zauna da shugabannin ƙungiyar da takarda. Ku rubuta tambayoyin da amsarsu za ta sa ku canza wani abu a aikinku. Wane kaya aka fi duba farashinsa? Cikin masu dubawa, nawa ke neman magana da ku? Sun fi son kira ko WhatsApp? Duk tambayar da amsarta ba za ta sa ku ɗaga ko tsinke ba, ku tsallake ta. Daga nan motsi huɗu ko biyar sun ishe ka: duba_farashi, saurari_murya idan kuna saka saƙon murya don waɗanda ba su karatun boko, danna_whatsapp, danna_kira. Na sha ganin masu gina shafi sun ɗora motsi arba'in saboda kawai ana iyawa, bayan wata biyu su kansu ba su iya karanta rahoton.

Wajen suna ka yi hattara, domin nan ne ake ɓarnar da ba ta gyaruwa. Sunan motsi ba ya wuce harafi 40, da harafi yake farawa, ba a barin fili a tsakiya. Babban baƙi da ƙarami kuma daban suke a wurinsa: Danna_Kira da danna_kira abu biyu ne, lissafinka zai rabu gida biyu. Ka tsaya kan ƙananan baƙaƙe, ka guji ƙ da ɗ da ɓ a cikin sunayen don kada su ba ka wahala gaba. Kada kuma ka buɗe wa kowane kaya motsinsa. Motsi ɗaya, duba_farashi, sai ka rataya masa bayani: kaya riɗi ne ko wake, ma'auni buhu ne ko tiya, kasuwa Magarya ce ko Bande ko Waca. Kowane motsi yana ɗaukar irin wannan bayani har 25. Sai dai ba zai fito a rahoto ba sai ka shiga saituna ka yi masa rajista, kuma daga ranar rajistar yake fara nunawa, don haka ka yi ta tun ranar farko.

Idan za ka saka kuɗi, ka tuna inda kake zaune. A wannan yanki sefa da naira tare suke yawo, to dole kowane adadi ya tafi da alamar kuɗinsa, XOF ko NGN. Ka kuma rubuta adadin da faran, kada ka bi lissafin baki na dala. Wanda ya ce maka ɗari biyu a kasuwa jaka guda yake nufi, faran 1,000. In ka shigar da 200, ka rage cinikin ƙungiya sau biyar a rahoto.

Danna mahaɗin WhatsApp yana iya shiga da kansa cikin dannawar fita waje, amma a cakuɗe da sauran. Danna lambar waya kuwa ba ya shiga sai ka haɗa shi da hannunka, ko ta Google Tag Manager. Ka haɗa su biyun da sunayensu, ka yi musu alamar muhimmin motsi. Su ne tayinka.

Yanzu batun taswira, wanda ya fi tayar maka da hankali kuma ya fi sauƙin bayani. Google ba ya ganin inda mutum yake tsaye. Yana kintata ne daga adireshin intanet da kamfanin sadarwa ya ba wayar, wannan adireshi kuwa galibi yana nuna inda kamfanin ya tattara hanyoyinsa. Mai layin Airtel ko Moov ko Zamani yana zaune a Dan Ciyawo, sai a rubuta shi Yamai. Ga kuma iyaka: tun daga Sasumburum har Dogo-Dogo da Malawa, mutane da yawa suna riƙe da layin Nijeriya saboda harkar kasuwa da zumunci, wani wurin ma rezon can ya fi kamawa. Ɗan Dungas da ya saba cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, in ya shiga shafinka da layin MTN, Kano ko Legas za a ba shi. Kada ka kai wa dattawa wannan taswira a matsayin hujja. In kuna son sanin gari, ku tambaya: a saka ɗan zaɓi a shafin, "wace kasuwa ce kusa da kai?", amsar ta zama bayanin da ke rataye da motsi.

Adadin "mutane" ma ka riƙe shi da sassauci. Abin da ake ƙirgawa burauza ce da waya, ba ɗan Adam ba. Waya guda a gida tana iya zama ta maigida da ƙaninsa da ɗansa, a ƙirga su mutum ɗaya. Mutum ɗaya kuma ya buɗe shafin ta cikin Facebook yau, gobe ta Chrome, a ƙirga shi biyu. Wanda rezo ya yi masa rauni ya fita kafin lambar ƙirgar ta gama saukowa, ba a gan shi ba ko kaɗan. Mai Opera Mini a yanayin tsimin data shi ma ba kullum motsinsa ke isowa daidai ba. In kuma wata rana kuka yi manhaja ta Android da Firebase, ita tana tara motsi a waya ta aika idan an samu rezo, amma abin da ya makara fiye da awa 72 ba a karɓarsa. Manomin da ya kwana huɗu a ƙauye ba data, motsinsa na ranar farko ya tafi. Don haka abin da za ka dogara da shi shi ne kwatanci: wannan mako da wancan, riɗi da wake, kashi nawa cikin masu duba farashi suka kai ga danna kira.

Akwai wani rami da kusan kowa ke faɗawa a ƙasarmu. Yawancin baƙinka ta WhatsApp aka tura musu mahaɗi, shi kuwa sau da yawa ba ya faɗin daga ina mutum ya fito, sai rahoto ya tara su duka a ƙarƙashin masu shigowa kai tsaye. Maganinsa ɗan jela da ake liƙa wa mahaɗin, utm_source da utm_campaign. Wanda za ka jefa a zauren 'yan kasuwar Damagaram ka ba shi alamarsa, na zauren manoman Guci daban, na Facebook daban. Da haka za ka san wane zaure ne ke kawo masu tayi, wane ne ke kawo 'yan kallo.

Daga lokacin da mutum ya faɗa WhatsApp, idon Google ya ƙare. Bai san ko an daidaita ba, ko an ce albarka, ko an tura kuɗi ta Nita ko Amana. Wannan rabin aikin na littafi ne. Ka sa maɓallin ya buɗe da rubutaccen saƙo, misali "Na ga farashin riɗi a shafinku", don mai amsa waya ya gane daga inda mutumin ya zo, ya rubuta a littafi: rana, kaya, an saya ko ba a saya ba. Ƙarshen wata ka ajiye littafin kusa da rahoton. A ce dannawa 60, ciniki 4: matsalar tana wajen farashi ko jinkirin amsa. A ce masu duba farashi 500, dannawa 5: matsalar tana shafin, wataƙila maɓallin ya ɓuya can ƙasa, ko hotuna sun yi nauyi suna cinye wa mutane forfe.

Abu guda kuma ba na sassauci a kansa. Kada sunan mutum, ko lambar wayarsa, ko abin da ya rubuta a fom ya shiga cikin motsin da kake aikawa. Ƙa'idar Google da kanta ta hana, kuma Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, aka sabunta ta a Disamba 2022, da hukumar HAPDP mai sa ido. Nijeriya ma ta yi tata a 2023. Ko babu doka, manomin da ya ba ka lambarsa amana ya ba ka. Ka rubuta a shafin, da Hausa mai sauƙi, cewa ana ƙirga dannawa kuma ba a ɗaukar suna. In ƙungiyar ta fi son bayananta su zauna a hannunta, akwai Matomo, wanda ake iya girkawa a sabar da kuka mallaka.

Kafin ka saki komai, ka gwada da wayarka ta DebugView na cikin GA4, ka danna kowane maɓalli ka ga ya fito sau ɗaya, ba sau biyu ba. Ka shiga saituna ka mayar da tsawon ajiyar bayanai daga wata 2 zuwa wata 14, domin harkarku ta shekara ce, kuma za ka so ka kwatanta kakar bana da ta baɗi. Ka roƙi 'yan ƙungiya su daina buɗe shafin sau goma a yini don ganin ko yana nan, suna kumbura maka lissafi. Sannan ka ba shi mako huɗu cur ba ka taɓa sunayen ba, ka koma wurin dattijon nan da lamba uku a takarda: waɗanda suka duba farashi, waɗanda suka nemi magana, da waɗanda aka auna wa.