Kafin Ku Juye Kifi a Sabon Tanki

Masu kiwon tarwada a Jega, Aliero da Maiyama, ku yi hattara. Sauyin ruwa farat ɗaya yana kashe 'ya'yan kifi, domin ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, yakan bambanta daga wannan ruwa zuwa wancan. Tarwada ta fi son 6.5 zuwa 8.5.

In tankin siminti sabo ne, ku jiƙa shi mako biyu kuna canza ruwa, saboda siminti yana ɗaga pH. Ku auna ruwan tankin da na mazubin da kifin ke ciki da takardar gwaji. Sannan ku riƙa zuba sabon ruwan kaɗan-kaɗan cikin mazubin kifin har rabin awa. Ku yi aikin da sanyin safiya, kada ku ba kifin abinci ranar.