Kada Rikicin Manya Ya Raba Ku da Maƙwabta

'Ya'yana na Madawa, Buza da Keita, ina jin ku a fadodin shayi kuna gardama, wannan na Rasha, wancan na Faransa ko Amurka, har murya ta tashi. Ku ɗan saurara wa tsoho.

Gasar manyan ƙasashe a kan yankinmu ta girmi kakanninku. Faransa da Ingila sun zauna a 1898, 1904 da 1906 suna ja-in-ja kan inda iyaka za ta bi, ba tare da sun tambayi Adarawa ko Gobirawa ba. Layin da suka ja shi ya bar ɗan'uwa a Madawa, ɗan'uwa a Sabon Birni.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a ƙasarmu, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakar Najeriya, aka yanke lantarki. Sojojin Faransa suka fice a Disamba, masu horarwa na Rasha suka sauka Yamai a Afrilun 2024, Amurkawa suka bar Agadas a shekarar. Cikin duk wannan, wa ya fi jin jiki? Manomin albasa da motoci suka yi ƙarancin zuwa ɗaukar kayansa, da uwar da kuɗin cefane ya daina isarta.

Ku so ƙasarku, ku yi kishin 'yancinta, wannan wajibi ne. Amma ku sani kowace babbar ƙasa tana da abin da take nema, ko yuraniyom, ko man fetur, ko filin saukar jiragenta. In buƙata ta sauya, abota ta sauya. Don haka kada ku yaɗa kowane saƙon WhatsApp da ke zuga ku a kan mutanen ƙetaren iyaka. Waɗanda 'yan bindiga suka koro daga jihar Sakkwato zuwa Bangi danginku ne, ku ci gaba da riƙe su da mutunci.

Ku tambayi iyayenku mata a Keita. Tun 1984 Italiya ta ba da kuɗin aikin farfaɗo da ƙasa, amma su matan ne suka ɗauki duwatsu a ka, suka dasa itatuwa, har faƙo ya koma gona. Abin da hannunku ya kafa, ba wanda zai tattara shi ya tafi da shi ranar da ya yi fushi.

Ku riƙe gona, ku riƙe karatu, ku riƙe zumunci. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya yi muku albarka.