Darasi: Aikin Yanar Ido ga Masu Fama da Kuturta

'Yan'uwa, makanta masifa ce ga kowa, amma ga wanda kuturta ta taɓa ta fi tsanani. Makaho yakan lalubi hanya da hannu. Shi kuwa wanda cutar ta kashe wa jijiyoyin hannu da ƙafa ba ya jin zafin wuta ko sukar ƙaya, idonsa ne kaɗai ke tsaronsa. In ya rasa shi, sai miki ya bi miki.

Yana ita ce kan gaba wajen makantar da su. Tana zuwa ta hanya uku: tsufa, kumburin cikin ido da cutar ke haddasawa, da kuma daɗewa ana shan maganin prednisolone don kwantar da kumburin jijiyoyi. Haɗin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 1981, wanda ake bayarwa kyauta tun 1995, yana kashe ƙwayar cutar, amma ba ya kawar da yanar da ta riga ta rufe ido. Sai an yi aiki.

Akasarin waɗanda aka yi wa aikin suna sake gani sosai, musamman in tsufa ne ya kawo yanar. Inda kumburi ya daɗe, ko baƙin ido ya yi tabo, sakamakon yakan ragu. Shi ya sa likita kan jira kumburi ya kwanta na wasu watanni, in kuwa fatar ido ba ta rufuwa, ya fara gyara ta tukuna.

A dā, bayan an cire yana, sai a ba mutum tabarau mai kauri. Wanda karan hancinsa ya lotsa, yatsunsa suka guntule, ta yaya zai riƙe shi? Yanzu ana dasa ɗan madubin roba a cikin idon, ya zauna har ƙarshen rai.

Saura namu aikin. Bayan tiyata ana ɗiga magani a ido na makonni, mai guntayen yatsu kuwa ba ya iya matsa kwalba. Wanda ya sha maganinsa ba ya yaɗa cutar, saboda haka kada tsoro ya hana mu raka shi asibiti, mu ɗiga masa magani, mu mai da shi ranar da likita ya sa.

Don tattaunawa: Su wane ne a ƙauyukanmu suka makance, ba wanda ya kai su a duba idonsu? Wa zai ɗauki nauyin ɗiga musu magani?