FILIN ƊALIBAI: Adon Magana a Jarrabawar Turanci

Darasinmu na wannan fitowa a kan adon magana ne. A jarrabawar Turanci ta WAEC da NECO akan ba da wani rubutu a karanta, sannan a tsamo jimla guda a yi tambaya biyu a kanta: wane irin adon magana ne wannan, kuma me yake nufi? Ɗalibai da yawa a nan suke zubar da maki, alhali abu ne da muke yi kullum a cikin gida.

1. Kamantawa, wato simili. A gwada abu biyu da "kamar" ko "tamkar": "Ɗakin ya yi zafi kamar tanda." A Turanci ma ki nemi kalmar da ke ɗauke da ma'anar "kamar".

2. Siffantawa, wato metafo. Nan ba a sa "kamar", kai tsaye ake cewa wannan shi ne wancan: "Yayarmu ita ce katangar gidan nan." Waɗannan biyun ne aka fi rikitawa. Wadda ta karanta Balaga a Islamiyya za ta tuna da tashbihi da isti'ara, kusan hanya ɗaya ce.

3. Mutuntarwa. A ba abin da ba mutum ba aikin mutum: "Yunwa ta ƙwanƙwasa musu ƙofa."

4. Kambamawa, wato haifaboli. A zuzuta abu fiye da kima: "Na kira ki sau dubu!"

5. Gatse. A faɗi kishiyar abin da ake nufi, kamar uwa ta ce wa 'yar da ta tashi da hantsi, "Sannu da sammako."

6. Tambayar da ba ta neman amsa: "Wace uwa ce za ta so ɗanta ya kwana da yunwa?" Amsar tana cikin tambayar, jaddadawa kawai ake yi.

To, faɗin suna rabin aiki ne. Idan an ce ki bayyana ma'ana, sai ki tuɓe wa jimlar adonta, ki faɗe ta da magana miƙaƙƙiya. "Yunwa ta ƙwanƙwasa musu ƙofa" na nufin abincinsu ya ƙare. Kar ki amsa adon magana da wani adon maganar, ki ce "yunwa ta shigo musu gida". Kin ga har yanzu ba ki warware komai ba.

Sai ki kuma tambayi kanki: me ya sa marubucin ya zaɓi wannan salon? Tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masanin Girka Aristotil ya ce mai magana yana jan mutane ta hanya uku: mutuncinsa, taɓa zuciyar mai sauraro, da kafa hujja. Waɗannan ukun za su yi miki amfani idan kika zaɓi rubuta jawabi ko muhawara a ɓangaren insha'i.

Aikin gida: ki haddace yadda ake rubuta sunayen nan da Turanci daga littafinki, harafi bayan harafi, sannan ki ɗauko takardun jarrabawar shekarun baya ki gwada. Iyaye mata kuma, don Allah a rage musu aikace-aikace a 'yan watannin nan.

Allah ya ba da sa'a, amin.