Ƙaramar Hukuma Na Da Hurumin Cin Tarar Ajiye Mota?

Tambaya: Na yi fakin a bakin kasuwa na shiga sayayya. Ina fitowa na tarar an ɗaure min taya da sarƙa, wasu samari suka ce su ma'aikatan ƙaramar hukuma ne, sai na biya tara. Na biya, ba rasit. Shin wannan aikinsu ne, ko na 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗura ne? Daga wani direba mai karanta mu.

Amsa: Malam, sannu da haƙuri. Tambayarka gida biyu ce: ko ƙaramar hukuma na da iko, da kuma ko waɗannan samarin sun bi ƙa'ida.

Ta farko, e, tana da shi. Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ne ya tabbatar da ƙananan hukumomi, Jadawali na Huɗu kuma ya zayyana ayyukansu. Ciki har da kafawa da kula da kasuwanni da tashoshin mota, da gina tituna da magudanan ruwa, da ba kekuna da amalanke da baro lasisi. Dokar soja mai lamba 21 ta 1998, wadda ta raba haraji tsakanin matakan gwamnati uku, ta saka kuɗin tasha da tarar fakin ba bisa ƙa'ida ba a kason ƙananan hukumomi. To amma ita dai wannan dokar ta hana kowa, har da hukumar haraji, kafa shinge a hanya don karɓar kuɗi. Masu gindaya katako mai ƙusoshi ba su cika son a tuna musu da wannan ɓangaren ba.

Ta biyu ce mai nauyi. Ikon da tsarin mulki ya bayar ba ya zama tara haka kawai. Sai majalisar kansiloli ta zartar da doka a rubuce, wadda ta faɗi inda aka hana tsayawa da nawa ne hukuncin wanda ya saɓa. Sashe na 36(12) ya ce ba a hukunta mutum kan laifin da ba a fayyace shi da hukuncinsa a rubutacciyar doka ba. Ko Abuja ba ta tsira ba: a 2014 Babbar Kotun Birnin Tarayya ta haramta tsarin biyan kuɗin fakin a gefen titi, domin ba dokar da ta tsaya masa. Idan kotu ta taka wa ministan Abuja birki kan wannan, ina ga mai riƙe da sarƙa a bakin kasuwa?

Sai ka duba titin kuma. Hanyar tarayya daban, ta jiha daban, ta ƙaramar hukuma daban. A Kano, manyan titunan birni KAROTA ce ke kula da zirga-zirgarsu da dokar jiha. A Kaduna, KASTLEA. A Legas har hukuma ta musamman aka kafa don fakin, LASPA, kuma lauyoyi sun yi ta jayayya cewa jiha ta shiga gonar ƙananan hukumomi. A ganina wannan cuɗanyar ce ke ba 'yan damfara kafa, tunda direba bai san wa ke da titin ba.

Ban ce ba ka yi laifi ba, domin mota ɗaya a bakin kasuwa kan toshe hanyar jama'a da yawa. Amma kuɗin da ba rasit da wuya ya isa baitulmali. Nan gaba, kada ka yi cacar baki, kada kuma ka taɓa sarƙar. Nemi katin shaidarsu, ka tambayi dokar da ka karya, ka ce za ka biya a ofishin tattara kuɗin shiga a ba ka rasit. Kuɗin da ka riga ka biya kuwa, rubuta ƙorafi zuwa ga shugaban ƙaramar hukumar da rana da wurin da abin ya faru. In an yi biris, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a na da ofis a kowace jiha, kuma ba a biyan ko kwabo.